Sifa a Latin ƙarƙashin suna take

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na nazarin harshe an yi tambaya kan abin da ake kiran sifa a Latin, aka amsa da adiectivum, aka wuce. Amsar daidai ce, sai dai an gutsure ta, kuma abin da aka bari ya fi amfani ga ɗalibanmu.

Cikakken sunan shi ne nomen adiectivum, wato sunan da aka jingina wa wani suna. Kalmar ta fito daga ad da iacere, jefa abu kusa da wani, kuma Rumawa sun kwaikwayi epitheton ne na Girkawa. Abin lura, malaman nahawun Latin ba su ware wa sifa ajinta ba. Donatus, wanda ya koyar a Rum a ƙarni na 4, ya lissafa sassan magana takwas, babu sifa a ciki. Priscian ma, da ya yi aikinsa a Kustantiniyya wajen shekara ta 500, ƙarƙashin suna ya ajiye ta. Dalilinsu a fili yake: bonus, bona, bonum, wato "na kirki", suna sauya ƙarshe tamkar kowane suna, kuma boni kaɗai ya isa a fahimci mutanen kirki ake nufi. Sai daga baya can aka raba su.

To mu fa? Je ka wajen mai atamfa, za ka ji mace ta ce "miƙo min baƙar, farar ta yi tsada," ba ta ambaci zane ba, kuma ba wanda ya ruɗe. Muna cewa fari, fara, farare kamar yadda muke cewa jaki, jaka, jakuna. Ɗafin -n da ke "farin doki" shi ne dai a "dokin sarki". Duk wanda ya zauna a zaure ya biya Ajrumiyya, littafin nahawun Larabci, ya san magana kashi uku ce, ismu da fi'ili da harafi, sifa kuwa cikin ismu take.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sa yara haddar jerin sassan magana da aka ɗebo daga nahawun Ingilishi, inda sifa ba ta jinsi ba ta jam'i, sannan a tursasa wa Hausa shiga ciki. Ina roƙo ku gayyato malamin nahawun Hausa ya warware wannan a fitowa ta gaba, da misalai daga bakin mutane.

Naku,
Wani malamin sakandare, daga Zariya