Mun iya cewa "a yafe", amma wa muke ce wa?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan'uwana Kiristocin Sakkwato, musamman fastoci da dattawan ikilisiya da mu iyaye na zumuntar mata. Na san akasarin masu karanta ku a garin nan Musulmi ne, ba kuwa na jin nauyin su ji. Maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma sun fi kowa ganin yadda muke zama da junanmu.

Babu koyarwar da ake nanatawa a majami'unmu kamar ta gafara. Kowace Lahadi muna roƙon Allah ya gafarta mana laifofinmu kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Yaron da bai iya karatu ba ma ya haddace wannan addu'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka juya koyarwar baibai. Wanda aka zalunta, shi muke tsarewa da "ka yafe, ka yafe" tun hawayensa ba su bushe ba. Wanda kuma ya yi tuntuɓe ya faɗi, in dai ba shi da gata, sai mu yanke masa hukuncin da ba shi da ranar ƙarewa.

Na ga wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa da ta yi ciki ba aure. Aka kira sunanta a gaban jama'a, aka sa ta a ƙarƙashin horo, aka hana ta cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada don tunawa da mutuwar Almasihu, aka nuna mata bencin baya kusa da ƙofa. Can take zama da mayafi har goshi, ana tashi daga sujada ta riga kowa fita don kada ta haɗa ido da wani. Matan da suka goye ta tana jinjira suka koma amsa gaisuwarta ciki-ciki. In ta zo wucewa sai hira ta tsaya cak. Wanda ya yi mata cikin kuwa kowa ya san shi, ɗan masu hannu da shuni ne, sai muka ji wai ya tafi karatu wani gari. Ta haihu, yaron ya yi wayo har ya fara tafiya, tana nan a bencin baya, har Lahadin da aka waiga ba a gan ta ba. Babu wanda ya bi sawunta.

Ban ce a soke horo ba, Edita. Dole ikilisiya ta tsawata wa 'ya'yanta. Amma Manzo Bulus da ya umarci Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari su hori mai laifi, shi ne a ta biyu, sura 2, ya ce game da wani da aka hora, horon ya isa haka, a yafe masa a ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya cinye shi. A Galatiyawa 6:1 ya ce a komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u, mai komo da shi kuma ya kula da kansa. Ashe horo yana da ranar farawa da ranar gamawa, kuma maƙasudinsa mutum ya dawo ne. Mu kuwa mun iya sanarwar farawa, ta gamawa ce ba mu cika tunawa da ita ba.

Duk mun san labarin matar da aka kama tana zina a Bisharar Yahaya sura 8. Akwai abu ɗaya da ba kasafai nake jin an taɓo shi a wa'azi ba. Shari'ar Musa da masu ƙarar suka kafa hujja da ita, a Littafin Firistoci 20:10, ta ɗora hukunci a kan namijin da macen duka biyu. Sun ce a cikin aikin suka kama ta, to ina abokin aikin? Ita kaɗai suka jawo tsakar fili. Yesu ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifa, suka zame ɗaya bayan ɗaya, manya a gaba. Bai ce mata ba ta yi laifi ba, ya ce ta tafi kada ta ƙara. Amma sai da ya kawar da masu duwatsu tukuna ya yi mata wannan magana, su biyu kawai.

Da Yesu ya ce a Matiyu 7 kada mu yanke wa kowa hukunci, ba cewa ya yi mu daina bambance fari da baƙi ba. Ya ce mudun da muka auna wa wani da shi za a auna mana, kuma mu fara cire gungumen da ke idonmu kafin mu kai hannu ga ɗan hakin idon ɗan'uwa. Bahaushe ma ya ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu mata mun san yadda abin yake shigowa. A taron addu'a wata za ta ce, "'Yan'uwa, mu sa wance a addu'a," sai ta zayyane sirrin gidan wancen kaf, abin da mijinta ya yi da abin da 'yarta ta yi. Kafin a ce amin an gama shari'a, wadda ake magana a kanta ba ta ma san an zauna ba.

Sai ɗaya gefen, wanda ya fi yi mini ciwo. Wata baiwar Allah mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Ba a gama zaman makoki ba 'yan'uwan mijin suka zo da mota, suka kwashe babur da firji da keken ɗinkin da take ci da yaran da shi, suka karɓe takardun fili. Ta kai kuka wurin dattawa. Amsar da ta samu ita ce, "Mama, ki yi haƙuri ki bar wa Allah, Kirista ba ya kai ɗan'uwansa ƙara." Ta koma gida tana ganin kamar ita ce mai zunubi saboda zuciyarta ta ƙi sanyi, waɗanda suka kwashe kayan kuwa ba wanda ya ce musu uffan.

Wannan ba koyarwar Almasihu ba ce. A Luka 17:3 tsawatarwa ce ta zo kafin yafewa: in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. A Matiyu 18 an shimfiɗa hanyar dalla-dalla, ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka gaya wa ikilisiya. Surar nan ta 6 a Korintiyawa ta fari da ake kafa hujja da ita a hana zuwa kotu, a cikinta Bulus ya tambaye su ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya sasanta 'yan'uwa. Wato in kun hana gwauruwa zuwa gaban alƙali, to ku nauyin ƙwato mata haƙƙinta ya hau. Zakka mai karɓar haraji ma da ya tuba bai tsaya ga baƙin baki ba. Ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, duk wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki 4.

Kada a ɗauka ina rage wa gafara daraja. Da Bitrus almajirin Yesu ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau 7 ya isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, ya kuma ba da misalin bawan da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000, ya fita ya shaƙe abokinsa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan aikin lebura ne na yini guda, talanti ɗaya kuwa kusan dinari 6,000 ne. Wanda aka yafe wa abin da ba zai iya biya ba ko da zai rayu sau dubu, shi ne ya kasa haƙuri da bashin 'yan watanni. Gwauruwar nan dole ta yafe, don kanta da kuma don Ubangijinta, ta daina fatan sharri ga dangin mijinta. Amma hakan bai halatta musu keken ɗinkinta ba.

Mu a Sakkwato ba sai an koya mana nauyin wannan magana ba. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi bisa zargin ɓatanci, bayan kwana biyu gari ya rikice har gwamnati ta sa dokar hana fita ta sa'o'i 24. Fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, ta nemi a hukunta masu hannu a ciki. Bishop Matthew Hassan Kukah na cocin Katolika a Sakkwato ya roƙi Kiristoci su kwantar da hankali su yi addu'a, shi ma ya nemi doka ta yi aikinta. Babu ɗayansu da ya ga saɓani tsakanin hana ramuwa da neman adalci. Haka Romawa 12 ta hana mu ɗaukar fansa, sura ta 13 kuma ta ce hukuma ce aka ba takobi don hukunta mai mugunta. Paparoma John Paul na biyu da aka harba a watan Mayun 1981 ya je har kurkuku a birnin Rum a Disambar 1983, ya zauna da wanda ya harbe shi. Ya yafe masa tun yana gadon asibiti, amma mutumin ya ci gaba da zaman ɗaurinsa a Italiya har shekarar 2000. In mun fahimci wannan a manyan al'amura, me zai sa mu kasa fahimtarsa a kan babur da takardar fili?

Game da alheri kuwa, ba sai mun je nesa ba. Mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da 'yan bindiga suka raba da gidajensu suna nan cikin gari, mata da yara a kangaye da bakin titi, kusan dukansu Musulmi. Basamariyen nan na misalin da Yesu ya bayar a Luka 10 bai tambayi wanda ya tsinta 'yan fashi sun ji masa rauni a hanyar Yariko addininsa ba kafin ya ɗaure masa rauni ya biya masa masauki. A zafin Afrilu na garin nan, jarkar ruwa da kwanon gero ba ƙaramin abu ba ne.

Roƙona ga dattawanmu, duk wanda aka sa a horo a gaya masa ranar da za a sake zama kan maganarsa, a kuma naɗa mutum biyu masu riƙon sirri da za su riƙa zuwa gidansa. In laifin na mutum biyu ne, a kira su duka, ko ɗan wane ne. Ranar da aka ɗage horo a sanar a gaban jama'ar da aka sanar da farawarsa. In gwauruwa ta kawo kuka, a tashi a je wurin dangin mijin kafin a buɗe mata ayar gafara. Kai kuma Edita, in da hali ka ba malamanmu na ɓangarorin biyu shafi su yi mana bayani kan haƙƙin marayu da matan da mazansu suka rasu, domin kukan nan ba a gidajen Kirista kaɗai nake jin sa ba.

Na gode da wannan fili.

Taku mai karatu,
daga Mabera, Sakkwato.