Takardar Koke Kan Hanyoyi, Kwatoci da Ruwan Famfo a Layukan Rigasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Igabi, Turunku
Ta hannun Mai Girma Hakimin Rigasa da Kansilan mazaɓarmu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu mazauna layukan cikin Rigasa, da suka haɗa da magina, masu aikin famfo, direbobin tifa da wasu injiniyoyi 'yan unguwa, muna roƙon a saka aikin layukanmu a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma na shekara mai zuwa, kuma a yi shi bi da bi: bututun ruwa da farko, sannan kwata, hanya daga ƙarshe.

Ƙofarka muka ƙwanƙwasa saboda Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina hanyoyin unguwa da gyaransu, da magudanan ruwa, da kwashe shara da najasa. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Manyan tituna na hukumar hanyoyi ta jiha (KADRA) ne, ruwan famfo na hukumar ruwa ta jiha (KADSWAC), mun sani. Amma layin da mai keke ke ƙin shiga in an yi ruwan Agusta, wannan naku ne.

Abin da aka saba yi, kuma shi ne muke roƙon a daina, shi ne a kawo tifa-tifa na jar ƙasa a juye, gireda ta baje, a ɗauki hoto. Ƙasar da ba a jiƙa ba, rola ba ta danne ta ba, babu kwata a gefenta, ruwa biyu ko uku ya ishe ta. Ta koma cikin lambatu ta toshe shi, wadda ta rage kuma ta ɗaga hanya sama da dokin ƙofar gidaje, ruwan da da yake wucewa ya koma shiga zaure. An kashe kuɗi an sayo wa mutane ambaliya.

Kwata ita ce ran hanya, shi ya sa za mu daɗe a kanta. A fara da mai awo ya bi layin da na'urarsa, a san inda ruwa zai fita, a soma gini daga can ƙasa inda zai zube a rafi a hauro sama. Wanda ya soma daga sama ya tara wa na gangare ruwa ne kawai. A layin cikin unguwa, kwata mai faɗin santimita 60 da zurfin 60 tana wadatarwa, amma inda layuka suka haɗu dole a ƙara, kuma a mararraba a sa kwalbati mai faɗin santimita 90 aƙalla, wanda mutum zai iya yashewa. A zuba ta da kankare da rodi mai kaurin milimita 10 ko 12. Kwatar bulo tana da arha, gaskiya ne, sai dai ranar da motar yashi ta taka gefenta za ta rufta. Haɗin kankaren kuwa, buhun siminti ɗaya, kwano huɗu na yashi mai kaifi, kwano takwas na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai. A nan ne akan yi ha'inci: buhu ɗaya ya sha kwano goma sha biyu na tsakuwa, kana kankara da ƙusa yana zuba kamar garin kwaki. A bar ƙananan ramuka a jikin bango don ruwan da ke bayansa ya samu mafita, a kuma rufe gaban kowane gida da murfin da za a iya ɗagawa.

Batun ruwan sha ya fi tayar mana da hankali. A layuka da yawa, siraran bututun da ke kai ruwa gidaje a cikin kwata suke kwance, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Muddin akwai ruwa da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Da an ɗauke, bututun sai ya zuƙo ƙazantar kwatar, in an dawo da ruwa ita ce ke fara isa bokiti. Ta nan taifot da amai da gudawa ke shiga gida. Muna roƙon ƙaramar hukuma ta zauna da hukumar ruwa tun kafin a ba da kwangila, a binne babban bututu a zurfin kusan mita ɗaya, nesa da kwata, a tsallaka da bututun hannun riga, wato bututun da za a riƙa zura na gidaje a cikinsa, ƙarƙashin hanya kowane 'yan gidaje. In ba haka ba, wata shida da gama aiki wani zai zo da diga ya fasa hanyar don ya ja ruwa.

Unguwarmu ba ta da babban bututun najasa, kowa da sokawe ko masai. To a dawo da duba-gari bakin aiki. Su hana juya bututun bayan gida cikin kwata, su tabbatar akwai tazarar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya inda fili ya ba da dama, a kuma keɓe wa motocin kwashe masai wurin juyewa.

Sai hanyar kanta. A kwashe baƙar ƙasar sama, a zuba marmara hawa-hawa, kowane hawa santimita 15, tanka ta jiƙa, rola ta danne kafin a ƙara wani. Tsakiyar hanya ta ɗara gefe da kamar santimita 3 a kowace mita, don ruwa ya gangara kwata. A ra'ayinmu intalok mai kaurin milimita 80 ya fi kwalta dacewa da layin unguwa, domin in bututu ya fashe ana ɗaga shi a gyara a mayar. Mai milimita 60 na tsakar gida ne, kada a bari ɗan kwangila ya shigo da shi.

Game da kuɗi, ba mu ce a yi dukkan layuka a shekara ɗaya ba. Gara a gama layi ɗaya tun daga mafitar ruwansa har ƙarshe, da a yayyafa wa goma. A rubuta sunan layin da tsawonsa a kasafi, kada a dunƙule shi cikin "gyaran hanyoyi daban-daban". A kafa allo mai ɗauke da kuɗin kwangila da wa'adinta, a ba wakilanmu kwafin takardar ƙididdigar kayan aiki. A riƙa biya gwargwadon abin da injiniya ya auna, a riƙe kashi 5 cikin 100 har aikin ya ga damina guda. A fara a Nuwamba, a gama kwata kafin ruwan Afrilu.

Mu kuma mun ɗauki nauyin gadin kayan aiki, da janye rumfuna da dakalin da suka ci hanya, da aikin gayyar yashe kwatoci kowane Maris, in za a turo motar da za ta kwashe abin da aka fitar kafin ya koma ciki.

Muna roƙon a turo injiniyan sashen ayyuka ya zagaya layukan tare da masu unguwanni da wakilanmu kafin a rufe karɓar buƙatun kasafi. Allah ya taya ka riƙo.

Naku,
Masu unguwanni, dattawa, limamai, mata da matasan layukan da abin ya shafa, Rigasa, Kaduna