Wuyan ɗiyata ya sake karkacewa, likita ya ce sai tiyata

Assalamu alaikum, Likita.

Ina gaishe ka tare da godiya bisa wannan fili na lafiya. Na rubuto ne a kan ɗiyata mai shekara 8, wadda bayan ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ta wayi gari kanta ya karkata zuwa kafaɗar dama, haɓarta kuma tana fuskantar hagu. Da fari mun ɗauka sanƙarau ne, sai hoton CT ya nuna cewa ƙashin wuya na farko, wanda kai ke zaune a bisansa, ya juya a kan na biyu ya maƙale, saboda kumburin maƙogwaron ya sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓar.

An kwantar da ita aka sa mata maɗauri a haɓa da ƙeya, aka rataya nauyi yana jan kan a hankali har ya daidaita, sannan aka sa mata abin tallafe wuya. Ana cire shi ba da jimawa ba wuyan ya koma gidan jiya, kuma da aka maimaita jinyar haka ya sake yi. Yanzu idan na kira ta, da jikinta gaba ɗaya take juyowa, kuma sai ta tallafe kanta da hannu kafin ta tashi daga kwance.

Likitan ƙashi ya ce mafita ita ce tiyata ta bayan wuya, a ɗaure ƙasusuwan biyu da kusoshi da sandunan ƙarfe, a yanko ɗan ƙashi daga ƙugunta a ɗora domin su haɗe su zama ɗaya. Bai ɓoye mini ba cewa kusan rabin waiwayen ɗan Adam daga wannan gaɓar yake fitowa, kuma laka da manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna dab da wurin. Wannan bayanin ne ya hana ni barci. Dangi kuwa suna matsa mini in kai ta wurin maɗori ya murɗe wuyan, amma na ƙi, domin wurin da laka ta ratsa ba wurin gwada ƙarfin hannu ba ne.

Likita, shin akwai sauran damar gwada zoben ƙarfen nan da ake kafawa a ƙoƙon kai a haɗa shi da riga na wasu watanni, ko komawar da wuyan ke yi ta nuna gaɓar ba za ta ƙara riƙe kanta ba? Idan an yi aikin, ƙasusuwan da ke ƙasa za su iya rama mata wani ɓangare na waiwayen da za ta rasa yayin da take girma? Ina kuma fargabar kada jinkirina ya sa gaɓar ta ƙage a karkace, har fuskarta ta tashi a baibai. Don Allah ka ba ni shawara kafin in sa hannu a takardar amincewa.

Wassalam,
Wani uba daga Zariya.