Wasiƙa daga bakin tekun Holan

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya iyali, yaya jikin Baba? Na san ka cika ka batse da shirun da na yi, don saƙonka na ƙarshe ko gaisuwa babu. Bari in fara da ƙorafi, domin kai ne ka ce yawon keke a Holan ko kakarmu ta iya, tunda ƙasar ba tudu ba gangare. To ka zo ka gwada.

Shimfiɗaɗɗiya ce, ban musa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata ma yana ƙasa da matakin teku. Amma rashin tudun nan shi ne masifar, don babu abin da zai tare maka iska. Daga teku take tasowa, galibi ta kudu maso yamma, mu kuwa kudu muka nufa daga Rotterdam, saboda abokin tafiyata Dogo ya rantse sai ya ga Beljiyam. Tudu kana hawa kana hango ƙarshensa, ka san gangare na jiran ka. Iska tudu ce da ba ta da kai. Ka sa giya mafi sauƙi, ka duƙa kan keke, jakunkunan da ke kan kariyar keke suna kama iska suna ja da kai baya, ka taka feda har cinya ta yi tsami, ka ɗaga kai ka ga hasumiyar cocin da ka hango tun ɗazu tana nan inda take. Kai mai son lissafi: in kana gudun kilomita 15 a awa, iska ta taho maka da 30, to da 45 take dukan ƙirjinka, kuma turjiyarta ta ninka sau 9 a kan ta ranar da gari ya yi tsit.

Af, wai da gaske Ƙaramin Alhaji ya sake sayen babur ɗin da ya sayar bara? Ka ce masa ina nan ina jiran bayani.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta madatsar Oosterscheldekering a lardin Zeeland. Bayan ambaliyar 1953 da ta kashe mutum 1,836 a ƙasar, suka shiga toshe bakunan teku, wannan kuwa sai 1986 aka buɗe ta. Tsawonta ya kai wajen kilomita 9, da ƙofofin ƙarfe 62 da ke zama a buɗe ruwa na shige da fice, sai teku ta yi barazana a sauke su. A kanta muka bi, ruwa dama, ruwa hagu, ruwa daga sama yana zuwa a kwance. Iskar gefe ta fi ta gaba mugunta, tana fizgar tayar gaba ba sallama. Muka riƙa karɓa-karɓa, ɗaya a gaba yana fasa iska, ɗaya a maƙale a bayansa yana hutawa. Ka san Dogo da jiki, bayansa inuwa ce sosai, shi kuwa nawa bayan bai tsinana masa komai ba, sai mita yake yi. Muka ƙetare dai, ban sauka na tura ba, ka rubuta wannan ka ajiye.

Abin dariya, a kan wannan madatsar mutanen nan suke gasar tuƙa keke gaba da iska, da keke marar giya, kuma ba sa sa rana sai an yi hasashen guguwa. A 2023 iskar ta yi yawan da dole aka soke gasar. Ka ji mutane.

Ni abin da ke hana ni barci tsawa ce. Ruwa da sanyi da sauƙi, ka sa rigar ruwa, ka naɗe kaya a leda. Amma a fili fetal, kai ne abu mafi tsawo. Dogo ya dage wai tayar roba na kare mutum daga aradu. Ƙarya ce, ɗan siririn robar nan ba ta tare abin da ya keto sararin sama. Yanzu da na ga walƙiya nake ƙirga: daƙiƙa 3 kafin ƙara, kilomita ɗaya ke nan tsakaninmu. In ƙirgar ta gaza daƙiƙa 30, mu nemi gini. In babu, a jingine keke can nesa, a guji bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, a tsuguna a kwari ƙafafu a haɗe. Jiya har faɗa muka yi a kan wannan, shi yana son mu ci gaba, ni na ƙi motsawa daga rumfar jiran bas.

Ɓata hanya dai da wuya, kowace mahaɗar hanyar keke da lambarta, lambobin kawai kake bi. Kacar kekena ce ke kuka saboda yashi da gishiri, kullum sai na goge na sa mai.

Gobe in Allah ya kai mu za mu shiga jirgin ruwa daga Vlissingen zuwa Breskens, in hadari ya bari. Ka gaida uwargida, ka ce wa Ƙaramin Alhaji kada ya kuskura ya taɓa tsohon kekena.

Naka,
Abokinka