Sanarwa kan waƙoƙin cin mutunci a filin wasa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Masu zuwa kallon ƙwallo a filayen Ingila, a kula: tun Janairun 2022 masu gabatar da ƙara suka ɗauki waƙar nan da ake yi wa Chelsea, ta zagin masu neman jinsi ɗaya, a matsayin laifin ƙiyayya. Ana kama mutum, a kai shi kotu, a hana shi shiga fili na shekaru. Kulob ma ba ya tsira. A 2023 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, FA, ta ci tarar Wolves fam 100,000, Leeds kuma fam 150,000, saboda magoya bayansu sun yi waƙoƙin zagin masu neman jinsi ɗaya.

In kun ji an fara, kada ku amsa, kada kuma ku tanka wa masu yi, daga nan rigima ke ɓarkewa. Ku riƙe ɓangare, layi, lambar kujera da mintin wasa, ku sanar da ma'aikacin fili, ko ku tura ta manhajar Kick It Out, ƙungiyar yaƙi da wariya a ƙwallon ƙafa, ba sai kun bayyana sunanku ba. Ƙorafin da babu lambar kujera da wuya ya kai ko'ina, don masu duba kyamara ba su san inda za su nufa ba.

A nan rukuni ma haka ne: irin wannan barkwanci za a goge shi, wanda ya maimaita a cire shi.