Mutumina, yajinka ya yi suna a Kozani

Salam mutumina, ya gida ya su Hajiya, ya kasuwa? Na san ka yi fushi, saƙonka yana nan na gani tun tuni, batun za'afaran ɗin Malam ne kuma zan zo kansa, amma bari in fara da abin da ya sa na kasa haƙuri na ɗauki waya yau.

Yajin nan da ka aiko min, wanda ka ce in riƙa lallaɓawa, ya ƙare tas, a rana ɗaya. Kiristocin nan Kozani, a arewacin ƙasar Girka, suna da wata Alhamis kafin azuminsu da suke kira Tsiknofemti, ranar duk garin hayaƙi ne, mai shago da mai aski da ma'aikatan ofis kowa ya fito da gawayi bakin titi yana gashi, don in azumin ya kama sai sun yi wajen mako bakwai masu riƙo da addini ba sa taɓa nama. To matsalar kusan duk abin da ke kan wuta alade ne, ka san ni dai, sai na hau bas tun ana gobe na tafi Tesalonika, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, na sayo naman rago a shagon halal, na aro abin gashi na daban wajen tsohuwar da nake haya a gidanta, na yanka shi falle-falle na soke a tsinke na mulke da yaji da mai. Su gashinsu gishiri ne da lemun tsami da wani busasshen ganye mai ƙamshi shi ke nan. Wani dattijo maƙwabcinmu ya karɓi tsinke ɗaya yana kallona da gefen ido, ya gutsura, ya tsaya, fuskar nan ta yi ja, hawaye shaɓe-shaɓe, ya kora da ruwa, sai gani na yi ya sake miƙo hannu. Kafin la'asar an yi layi wallahi, har da mai gidan burodin ƙasan layinmu da bai taɓa amsa min gaisuwa da kyau ba. Ni da ko shayi ba ku yarda in haɗa a majalisa, ka faɗa wa Dogo ya ji da kyau.

Yanzu ga damuwar, sun sa ni gaba sai na sake yi musu ranar Ista, ranar da suke gasa rago sukutum. Gyaɗa akwai, citta da kanumfari akwai, barkono ma akwai wani dakakke da suke ce wa bukobo yana ɗan taɓuka abu, amma jan tattasan garin Filorina da suke ta alfahari da shi zaƙi ne zalla, dogo ne mai nama, in an gasa an ɓare da man zaitun da tafarnuwa ba laifi yana da daɗi, sai dai ko jariri ba zai yi atishawa ba. Kimba da masoro da ƙuli-ƙuli su ne babu. Don Allah ka taimaki ɗan'uwanka, mutuncina ne a ciki.

Shi bikin da suke yi kafin azumin nasu kuwa ai ba a ranar gashin ya tsaya ba. Kowace unguwa a Kozani tana da wutarta, fanos suke cewa, a hura ta a tsakiyar mahaɗar titi a kan wani dogon kasko, a zagaye ta ana rawa, mutum ɗaya ya ba da waƙa sauran su amsa, ga masu kakaki da ganga. Kullum dare wata unguwa ke kunna tata, daren Lahadin ƙarshe kafin azumin nasu kuma duka a kunna lokaci ɗaya. Bana Lahadin ta faɗo cikin Ramadan, sai da na sha ruwa na yi asham sannan na leƙa. Ana ta rabon kici kyauta, wani abu ne na fulawa da aka naɗe kamar gammo da cuku mai gishiri a ciki, shi na ci, giyar da suke bi da ita kuwa na ce a kai kasuwa, kuma ba wanda ya matsa min. Waƙoƙin ne fa, da wani yaro ɗan ajinmu ya fassara min baiti biyu sai da na ce a'uzubillahi, batsa ce tsagwaronta, kuma tsohuwar nan da nake haya a gidanta mai zuwa coci kullum tana tsakiya tana amsawa da ƙarfi. Washegari Litinin, ranar da azuminsu ke kamawa, ta tashi da kallabinta kamar ba ita ba, ta aiko min da shimfiɗaɗɗen burodi mai riɗi da romon wake da zaitun da alewar riɗi, wai yau an tsarkaka, ba nama ba ƙwai ba madara.

Wai ni da gaske ne Ɗan Liti ya sayar da mashin ɗin ya shiga harkar kirifto? Aka ce min har ya fara sa gilas. Allah ya kyauta.

Bikin da ake yi a Nawusa, wani gari nan arewacin Girka, shi ya fi tsaya min a rai. Can samari ne marasa aure suke fitowa da farar fuskar da aka yi da ƙyalle da kakin zuma, da farin buje mai ninki-ninki, ƙirjinsu cike da tsofaffin kuɗin azurfa da aka ɗinke a riga, takobi a hannu, in sun girgiza sai ka ji kacau-kacau. Ɗaya daga cikinsu yana shigar amarya. Gida-gida ake bi ana ɗauko su, uwa ta fito tana sallamar ɗanta wata har da hawaye, sannan a je a nemi izinin magajin gari kafin a fara rawa. Abin busar da ke gabansu zurna, rufe ido ka ji, algaita ce sak. Suna cewa zamanin mulkin Turkawa mayaƙan da ke ɓoye a duwatsu da wannan fuskar suke saukowa gari ba a gane su, kuma a 1822 an murƙushe tawayen garin, mata da yawa suka faɗa kogin Arafitsa da 'ya'yansu don kada a kama su bayi. Shi ya sa ko ana rawar ba ka ganin wasa sosai a ciki.

Au, za'afaran. Ka ce wa Malam ya kwantar da hankalinsa, tushensa nake zaune, ƙauyen Kurokos yana nan kusa da mu, ƙungiyar manomansa tun 1971 take. Amma maganar mudu da ya yi, ka bar ta. Fure ne ruwan shuɗi-shuɗi da ke fitowa ƙarshen Oktoba, kowane ɗaya jan zare uku kacal ne a cikinsa, da hannu ake tsinka a duƙe, sai an tara fure wajen 150,000 kafin a samu kilo ɗaya, giram-giram ake sayarwa a ɗan kwali. Zan sayo masa 'yan kwalaye in ba yaron Gwaggo in zai taho bayan Sallah, shi kuma in zai dawo sai ka haɗo shi da kayan yajin, a daka a gida, a ɗaure da leda biyu a rubuta suna a jiki saboda masu bincike a filin jirgi. Ƙuli-ƙulin na wajen Inna nake so ba na bakin tasha ba.

Ka gaida amarya, ko har yanzu ana "sai bayan damina"?