Takardar Koke Kan Ambaliyar Ruwa da Toshewar Babbar Magudanar Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma irin wadda ta dace da kai, muna roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya taya ka riƙon amanar jama'a. Mu ne talakawanka mazauna gangaren babbar magudana, dattawa da matasa da iyaye mata. Ba rashin kunya ce ta sa muka ɗauki alƙalami ba, kuma ba mu isa mu koya maka aikinka ba. Tura ce ta kai bango.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce guguwa ta taso tun da la'asar. Kafin dare ya yi nisa ta yaye kwanon rufin gidaje, ta tuge bishiyoyi, turakun lantarki suka kwanta a kan titi, wuta ta ɗauke. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Wajen ƙarfe biyu na dare lambatu ya cika ya batse, ruwan ya juyo cikin gidajenmu. Ba ta ƙofa kaɗai ya shigo ba, har ta banɗaki ya riƙa ɓullowa, baƙi ƙirin, da ɗoyi. Iyaye suka ɗora yara a wuya, samari suka ciro ƙyauren ɗaki suka ɗauko tsofaffi a kai. A cikin duhu muka riƙa laluben tudu, kowa na tsoron taka wayar lantarki da ta faɗa ruwa.

A wannan fitar ne muka rasa 'yarmu, yarinya 'yar shekara tara. Tana riƙe da zanin mahaifiyarta ta taka daidai inda murfin lambatu ya karye. Ruwa mai gudu, ko zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, yana kayar da babban mutum, balle yarinya. Sai da gari ya waye aka tsinci gawarta a bakin kwalbati, cikin leda da robobi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yarda da ƙaddara, ba mu ja da ikon Allah. Amma ranka ya daɗe, wannan murfin ba guguwa ce ta karya shi ba. Ya daɗe a karye, kuma mun faɗa.

Mun rubuta, mun sake rubutawa, mun tura wakilai, an ce su dawo, sun dawo an ce mai sa hannu ba ya nan. An taɓa turo wasu suka auna, suka ɗauki hoto, suka tafi. Mu da kanmu mun yi aikin gayya mun yashe kwata, muka tara laka a gefe muna jiran motar kwashe shara, har ruwan farko ya zo ya mayar da ita inda muka ciro ta. Ba za mu ɓoye maka ba, a cikinmu akwai masu zuba shara a magudana, kuma muna faɗa da su. To amma mutumin da ba a ba shi juji ba, ina zai kai ta?

Sai maganar katanga, wadda kowa ke jin nauyin faɗa. Wani mai hali ya yi gini a kan hanyar ruwa, ya matse magudanar har ta koma kamar wuyan kwalba. Ga shi an shafe ko'ina da siminti, ƙasa ba ta samun inda za ta sha ruwa, duk abin da ya sauko daga tudu a kanmu yake ƙarewa. Ba mu san yadda aka yi wannan gini ya tsaya ba alhali rumfar talaka ba ta kwana idan ta shiga titi. Allah ya huci zuciyarka idan maganar ta yi kaushi.

Abin da ke hana mu barci yanzu shi ne rijiyoyi. Masai ya ɓalle ya haɗu da ruwan sha, kuma tuni yara sun fara amai da gudawa. Kwalara ba ta jira, tsakanin 'yan sa'o'i zuwa kwana biyar take bayyana a jikin wanda ya sha gurɓataccen ruwa. Haka ta ɓarke a birnin Beira na Mozambik a 2019 bayan guguwar Idai. Ga kududdufai ko'ina, cikin kamar kwana goma sauro zai ƙyanƙyashe, zazzaɓi ya biyo baya.

Don haka muke durƙusawa gabanka. A taimaka a turo mana tankar ruwa mai tsabta yau, ba gobe ba, da ma'aikatan lafiya da za su zuba sinadarin kulorin a rijiyoyi, su raba ruwan gishiri da sukari. A ɗauke wayoyin da suka faɗi kafin a dawo da wuta. Iyalan da ke kwance a azuzuwan makaranta suna buƙatar tabarmi da gidan sauro da wurin bahaya. A kawo injin yashe magudana da motar da za ta kwashe lakar nan take. A binciki katangar nan, a buɗe wa ruwa hanyarsa ko ta wane ne. Kuma don Allah, ranka ya daɗe, murfin lambatu. A rufe shi. Har yanzu a buɗe yake, mun dai gitta masa katako, yara kuma ta nan suke wucewa kullum.

Muna roƙon ka tako da ƙafarka ka gani, ka kuma yi wa mahaifiyar yarinyar nan ta'aziyya. Samarinmu a shirye suke da shebur da baro duk ranar da aka ce a fito. Damina ba ta ƙare ba, hadari na sake haɗuwa.

Allah ya ja zamaninka.

Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna gangaren babbar magudana.
Sa hannu da dangwalen yatsunmu na haɗe da wannan takarda.